Kurt Cobain ya iya jita kuwa, ko suna ne kawai?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ban daɗe da fara koyon jita ba. Mai koya mana ya ba mu wata waƙar Nirvana mu yi atisaye da ita, cikin 'yan kwanaki duk muka kama. Sai abin ya ɗaure mini kai. Wannan Kurt Cobain ɗin da ake ganin sunan ƙungiyarsa a riguna har cikin dilar gwanjo, ya iya jita kuwa, ko mutuwar ƙuruciya ce ta ɗaga shi? Wani abokina ya ce ƙwaya ce ta ba shi basirar, kuma wai kashe shi aka yi. Wane ne shi?

Amsa: Sannu ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'ar koyo. Tambayoyi uku ka ƙunso, ta jitar ce kuma ta fi nauyi, don haka a kanta zan fi daɗewa.

In abin da kake kira iyawa shi ne gudun yatsa a wuyan jita, Cobain, mawaƙi kuma makaɗin jitar ƙungiyar Nirvana, ba ya sahun gaba. Ko a birnin Seattle na Amurka kaɗai a zamaninsa, ga Kim Thayil na Soundgarden, ga Jerry Cantrell na Alice in Chains, ga Mike McCready na Pearl Jam, kowannensu zai iya zaunar da shi ya ba shi darasi. Shi ma bai taɓa da'awar gwaninta ba. Inda ya yi musu fintinkau shi ne gina waƙa. Ya san karin da zai maƙale a kunne, ya san inda za a sassauta da inda za a fashe, ya kuma san abin da za a cire. Labarin da aka fi son bayarwa shi ne na wani yaro mai yamutsattsen gashi da bai damu da komai ba, ya daki jita haka kawai sai duniya ta rufta a kansa. Da hannun Cobain ɗin a ƙirƙirar wannan labari, amma tarihin aikinsa ya ƙaryata shi.

An haife shi ran 20 ga Fabrairu 1967 a Aberdeen, wani ƙaramin gari a jihar Washington, can kusurwar arewa maso yammacin Amurka. Gari ne na masu saran itace da injinan yanka katako, ruwan sama ba ya ɗaukewa, kuma lokacin da yake tasowa sana'ar katakon tana ja da baya. Mahaifinsa bakanike ne, mahaifiyarsa tana hidimar kai abinci a gidan cin abinci. Yana shekara 9 auren iyayen ya mutu, ya kuma sha faɗa da bakinsa cewa daga nan ya sauya, ya zama mai ƙunci da janye jiki. Ya zauna wajen uba a garin Montesano, ya koma hannun dangi, yau nan gobe can, wani lokacin a gidajen abokai yake kwana. Da ya cika 14 wani kawunsa ya ce ya zaɓi kyauta, keke ko tsohuwar jita, ya ɗauki jita. Bahago ne, jitar bahago kuwa tana da wuyar samu, shi ya sa ya saba da na hannu masu araha irin su Univox, daga baya Fender Mustang da Jaguar, waɗanda a wancan lokacin manyan makaɗa sun raina su. Wuyan waɗannan biyun gajere ne, ya dace da ƙananan hannunsa.

Kunnensa ya sha abu uku kafin ya kai ashirin. Tun yana yaro yake sauraron Beatles a wajen dangin mahaifiyarsa, nan ya samo son kari mai daɗi. Yana matashi ya bi Black Sabbath da Led Zeppelin, nan ya samo nauyi. Sai ya haɗu da Buzz Osborne, shugaban wata ƙungiyar yankinsu mai suna Melvins, wanda ya riƙa naɗo masa kiɗan fank (punk, wato rok mai ƙara da sauri marar ado) na su Black Flag a kaset. Daga 'yan fank ya koyi cewa ba sai ka ƙware za ka hau dandamali ba, kuma yawan ado a kiɗa abin kunya ne. Ya bar sakandare ana saura mako biyu a kammala, ya yi aikin shara da goge-goge, yana rakiyar Melvins yana ɗaukar musu kaya. A wajen atisayensu ya saba da Krist Novoselic, wani dogon saurayi ɗan asalin Kuroshiya, a 1987 suka kafa ƙungiyar da ta zama Nirvana, Novoselic yana riƙe da jitar bes, wato mai kaurin amo.

Sai ka san kasuwar da suka tarar. A shekarun 1980 MTV, tashar talabijin mai nuna bidiyon waƙoƙi, da manyan gidajen rediyon Amurka suna hannun 'yan rok na Los Angeles irin su Poison da Mötley Crüe: gashi a tayar, kwalliya a fuska, waƙar mata da sharholiya, kuma kowace waƙa sai makaɗin jita ya ware ya nuna gudun yatsa. A ƙarƙashin wannan akwai wata duniya ta ƙananan kamfanonin faifai, da rediyon jami'o'i, da ƙungiyoyin da ke yawo gari-gari a tsohuwar bas suna kwana a ƙasan ɗakin masoya. R.E.M. da Hüsker Dü da Sonic Youth da Pixies duk daga nan suka fito, kuma shi ne abin da ake kira alternative rock. Reshensa na Seattle, mai nauyi da jan ƙafa da sauti a tsage, aka laƙaba wa grunge. Mutanen wannan duniya suna da wata ƙa'ida da ba a rubuta ba: wanda ya sa hannu da babban kamfani ya sayar da kansa. Riƙe wannan, domin ita ce ta yi ta cin Cobain daga baya.

Kundinsu na farko, Bleach, ya fito a watan Yuni 1989 a ƙarƙashin Sub Pop, ƙaramin kamfanin Seattle. An ɗauke shi a situdiyon Jack Endino a kan dala 606 da 'yan kai, kuɗin ma wani makaɗi ne mai suna Jason Everman ya biya, aka sa sunansa a bangon faifan alhali bai kaɗa ko tsirkiya ɗaya a ciki ba. Yawancin waƙoƙin ƙara ce da gurnani, irin wanda Sub Pop ke so. Cobain ya ce da gangan ya danne son da yake wa kari mai laushi don kada 'yan gari su yi masa dariya. Waƙa ɗaya ta kuɓuce, About a Girl, wadda ya rubuta bayan ya wuni yana jujjuya faifan Beatles. Duk wanda ke son sanin inda mutumin nan ya dosa, a wannan waƙar zai gani. Tun kafin Sub Pop ta ɗauke su yake tura kaset na gwaji da wasiƙu zuwa kamfanoni, yana cika littattafan rubutu da zanen bangon faifai da jerin waƙoƙi da tsarin yadda yake son ƙungiyar ta kasance. Masu ganga kuwa sun yi ta shiga suna fita, saboda ba ya haƙuri da wanda ba ya zuwa atisaye ko wanda dukansa bai kai ba. Sai a 1990 suka dace da Dave Grohl, wanda ya zo daga ƙungiyar Scream ta yankin Washington babban birnin Amurka. Da shi suka kama hayar wani sito a Tacoma, suna shiga kusan kullum suna maimaita waƙoƙi har suka zauna daram, kafin su tafi situdiyon Sound City a California a watan Mayu 1991 su ɗauki Nevermind tare da furodusa Butch Vig. A lokacin sun riga sun koma babban kamfani, DGC na David Geffen, bisa shawarar Sonic Youth.

Yanzu ɗauko jitarka mu duba Smells Like Teen Spirit, wadda nake kyautata zaton ita aka ba ku. Kamu huɗu ne: F, B-flat, A-flat, D-flat. Siffar hannun guda ce. Ka dafa gaɓa ta farko a tsirkiyar da ta fi kauri, ka sauko ta ƙasanta, ka matsa gaɓa ta huɗu, ka sake saukowa. Yaro ma zai yi. Amma saurari abin da ke tsakanin kamu da kamu: yana sassauta yatsun hagu da dama ta yadda tsirkiyar ba za ta yi amo ba, ya ci gaba da karta, sai ka ji wani ƙyas-ƙyas kamar ƙaramar ganga. Rabin motsin waƙar a nan yake, kuma nan ne masu koyo ke tsallakewa, shi ya sa tasu ke fitowa a sandare ko da kowane kamu daidai ne. Yana farawa da jita tsura ba a gurɓata ba, sai gangunan Grohl su shigo, ya taka feda, wato 'yar na'urar da ake takawa da ƙafa, wadda ke tsaga sauti, waƙar ta kumbura. Da an zo baiti sai ya janye kusan gaba ɗaya. Bes ce ke ɗauke da zagayen nan huɗu, shi kuwa sauti biyu kacal yake bugawa a siraran tsirkiya biyu na ƙasa, ya bar su suna shawagi. Mutumin da ke son a ce ya iya ba zai yarda ya tsaya haka ba. Wannan filin da ya bari shi ke sa amshi ya faɗo wa mai sauraro da ƙarfi in ya dawo, alhali kamu huɗun nan ne dai ba a ƙara komai ba.

Da aka zo inda makaɗin jita ke warewa shi kaɗai, wurin da 'yan Los Angeles ke zuba gudu, sai ya maimaita karin da ya rera da baki, sauti bayan sauti. Wasu sun ɗauka gazawa ce. Ni a wurina shawara ce ta mai gina waƙa, domin ya ƙara dasa karin a kan mai sauraro karo na uku ba tare da ya gundure shi da murya ba. Dabarar sassautawa da fashewa kuwa ba shi ya ƙago ta ba, ya faɗa a hira da mujallar Rolling Stone cewa Pixies yake ƙoƙarin kwaikwaya. Abin da ya ƙara shi ne kari irin na Beatles da ganguna masu nauyin guduma. Sai kuma yadda yake jera kamunsa. Yakan tsallaka zuwa inda littafin koyon kiɗa zai ce bai dace ba, kamar a In Bloom da Lithium, sannan ya ɗora muryar da za ta ɗinke tsallaken har kunne ya karɓa kamar dama haka ya kamata. Ba ya karanta rubutun kiɗa, da kunne yake laluben wannan, kuma wannan ɓangaren ne ba a koyo cikin 'yan kwanaki. Marigayi Ɗan Maraya Jos da tsirkiya ɗaya ya yi zamaninsa a kan kuntigi, ba wanda ya auna shi da yawan abin da yatsa ke taɓawa.

Muryar ita ce rabi na biyu. Tana da tsaga a cikinta ko yana magana a hankali, in ya ɗaga kuma tana yagewa ba tare da ta sauka daga kan kari ba, abin da ke da matuƙar wuya. Ba ya son maimaita ɗauka, don haka Vig yakan bar na'ura tana naɗa tun yana gwaji. Da ya ƙi yarda a ninka muryarsa, wato ya rera sau biyu a ɗora ɗaya kan ɗaya don ta yi kauri, sai Vig ya ce masa ai John Lennon na Beatles ma haka yake yi, nan take ya miƙe. Waƙar Something in the Way kuma sun yi ta gwadawa da cikakkiyar ƙungiya ta ƙi zama. Cobain ya shigo ɗakin na'urori ya kishingiɗa a doguwar kujera da wata tsohuwar jitar katako da tsirkiyarta ba su cika ba, ya ce ga yadda yake jin ta, yana rerawa ƙasa-ƙasa. Vig ya kashe na'urar sanyaya ɗaki da wayoyi, ya jawo makirufo ya ɗauka a wurin. Sauran kayan kiɗan daga baya aka bi aka jera su a kan wannan ɗaukar, da wahala, domin jitar ba ta kan saiti.

Nevermind ya fito ran 24 ga Satumba 1991. Kamfanin ya fara da kwafi kusan dubu 46 a Amurka, yana fatan in an yi sa'a a kai dubu 250 kamar yadda Sonic Youth suka yi. MTV ta ɗauki bidiyon Teen Spirit tana sakawa dare da rana. A wannan shekarar ce kuma jadawalin Billboard, mai jera faifan da suka fi kasuwa a Amurka, ya koma ƙirga ciniki ta na'urar kanti maimakon abin da masu shaguna suka ga dama suka faɗa, sai aka fara ganin ainihin abin da matasa ke saya. Ran 11 ga Janairu 1992 kundin ya ture Dangerous na Michael Jackson daga matsayi na ɗaya, yana tafiya sama da kwafi dubu 300 a mako. Zuwa yau an sayar da fiye da miliyan 30 a duniya. Ka lura da ranar: shekara biyu da 'yan watanni ke nan kafin rasuwarsa. Mutuwar ta ƙara masa kwarjini, ta mayar da fuskarsa kayan sayarwa, wannan ba musu. Amma sauyin da ya kawo ya riga ya faru yana raye. Kamfanoni sun yi ta rububin Seattle, 'yan gashi a tayar suka wayi gari kasuwarsu ta faɗi. Har rigunan gwanjo da yake jibgawa saboda sanyi da rama aka mayar da su ado, mai zanen tufafi Marc Jacobs ya fitar da irinsu da tsada a 1992, kamfanin Perry Ellis ya sallame shi a kan haka.

Nan ne mutumin ya rabu biyu, kuma kowane ɓangare gaskiya ne. Ya fito a bangon Rolling Stone sanye da riga mai rubutun zagin mujallun manyan kamfanoni, amma dai ya je an ɗauki hoton. Yana cewa shahara ta ishe shi, masu rubuta tarihinsa kuma sun ruwaito yana kiran manajoji yana ƙorafin MTV ba ta saka bidiyonsa yadda ya kamata. Bidiyon Teen Spirit da bai gamsu da yadda aka yanka shi ba, da kansa ya je ya zauna aka sake. A 1992 ya nemi a sake rabon kuɗin rubuta waƙa ya karɓi kaso mafi tsoka, har da na baya, abin da ya kusa wargaza ƙungiyar. Yana son a ji shi ko'ina, kuma tarbiyyar fank tana gaya masa cewa son hakan abin kunya ne. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ganin irin samarin da suka riƙa cin zalinsa a makaranta sun cika gaban dandamali. A takardar da ke cikin kundin Incesticide ya rubuta cewa duk mai ƙin mata, ko masu wani launin fata, ko masu neman jinsinsu, kada ya zo wasansu, kada ya sayi faifansu. Waƙar Polly ya rubuta ta ne a kan wata yarinya 'yar shekara 14 da aka sace aka yi wa fyaɗe a Tacoma a 1987, kuma a 1993 sun yi wasan tara kuɗi don matan da aka yi wa fyaɗe a yaƙin Bosniya.

Batun abokinka na ƙwaya, kwanan wata kaɗai ya isa ya amsa shi. Cobain ya fara taɓa hiroyin jefi-jefi tun ƙarshen shekarun 1980, yana cewa ita ce ke kwantar masa da wani ciwon ciki mai tsanani da likitoci suka daɗe ba su gano kansa ba. Ba ta zama ta kullum ba sai wajen ƙarshen 1991, bayan Nevermind ya shiga kasuwa. In Bloom da Lithium da Polly kuwa tun watan Afrilu 1990 aka fara ɗaukarsu a situdiyon Vig da ke Madison. Dubi abin da ya biyo bayan kamuwar. A 1992, shekarar da ba ƙungiyar da ta kai su kasuwa, ba su yi babban rangadi a Amurka ba. Ya auri Courtney Love, mawaƙiyar ƙungiyar Hole, a Hawaii a watan Fabrairu, aka haifi 'yarsu a watan Agusta, sai wani rahoton mujallar Vanity Fair kan shaye-shayensu ya sa hukumar kula da yara ta Los Angeles ta raba su da jaririyar na wani lokaci. Da aka zo haɗa kundi na uku, waƙoƙi da dama daga tsohuwar ajiya aka ɗebo su: Dumb da Pennyroyal Tea da All Apologies duk sun samo asali tun wajen 1990. A watan Yuli 1993 ya sha fiye da kima a New York, aka farfaɗo da shi, ya hau dandamali a daren. Zaman situdiyonsu na ƙarshe a Janairu 1994 na kwana uku ne, bai leƙo ba sai a rana ta uku, waƙa ɗaya aka kammala. Gwargwadon yadda ƙwayar ta kama shi, gwargwadon yadda rubutun ya ragu.

Duk da haka In Utero, wanda ya fito a Satumba 1993, shi ne na fi so a cikin ukun. Cobain ya ga kamar an goge Nevermind ya yi sheƙi da yawa, sai ya nemo Steve Albini, mutumin da ya ɗauki kundin Pixies na farko. Suka kulle kansu a situdiyon Pachyderm cikin dajin Minnesota a watan Fabrairu, cikin sanyi, suka gama a kusan mako biyu. Albini yana kafa makirufo da yawa a kewayen ɗaki don a ji ganga yadda take bugun bango, ba ya kuma yarda da yawan gyara. Ya karɓi ladansa dala dubu 100 a dunƙule, ya ƙi kason ciniki, yana ganin bai halatta furodusa ya ci daga haƙƙin mawaƙa ba. Kamfani bai ji daɗin abin da aka kawo ba, aka yi ta cacar baki har a jaridu. Ƙarshenta Cobain da kansa ya yarda Scott Litt, furodusan R.E.M., ya sake tace Heart-Shaped Box da All Apologies don su shiga rediyo. Da manyan kantunan Walmart da Kmart suka ƙi ɗaukar faifan saboda hoton bayansa da sunan wata waƙa, ya yarda aka sauya musu bango, ya ce shi ma yana yaro irin waɗannan kantunan kaɗai yake samun faifai. Kundin ya shiga jadawali a matsayi na ɗaya.

Wasan MTV Unplugged, shirin da ake kiɗa da jitar katako maimakon ta lantarki, da aka ɗauka a New York ran 18 ga Nuwamba 1993 shi ne inda za ka auna shi ba tare da ƙara ta rufe masa asiri ba. Waƙa 14 suka yi a zama ɗaya, 6 daga ciki na wasu ne, kuma ya ƙi yin Teen Spirit duk da ita masu shirin ke so. Maimakon ya gayyato manyan taurari, sai ya kawo 'yan'uwa biyu na Meat Puppets, ƙungiyar da yawancin masu kallo ba su sani ba. Akwai 'yar dabara a ciki: jitar katakonsa Martin ta bi ta amfilifaya da aka ɓoye a cikin akwati a gabansa, shi ya sa kake jin ta ɗan tsage a waƙar David Bowie da suka yi. Za ka ji kuskuren yatsa nan da can, ba a gyara ba. Ya rufe da wata tsohuwar waƙar gargajiya da aka fi sani ta bakin Lead Belly, baƙar fatan Louisiana da ya rasu a 1949. A baitin ƙarshe ya ɗaga murya zuwa sama ya yage ta. Masu shirin suka roƙi ƙari, ya ce ba zai iya wuce wannan ba. Kundin wasan ya ci kyautar Grammy a 1996, jitar kuma an yi gwanjonta a 2020 a kan kusan dala miliyan 6.

Wasansu na ƙarshe a Munich ta Jamus aka yi shi, ran 1 ga Maris 1994. Ran 4 ga wata aka kwashe shi zuwa asibiti a birnin Rum a sume, bayan ya haɗa ƙwayoyin barci masu yawa da giya. A lokacin an ce tsautsayi ne, daga baya matarsa ta ce yunƙurin kashe kansa ne. A ƙarshen watan iyali da abokai suka taru suka matsa masa, ya shiga wata cibiyar gyaran masu shaye-shaye a Los Angeles, bayan kwana biyu ya haura katanga ya koma Seattle. Ran 8 ga Afrilu wani mai aikin lantarki ya tarar da gawarsa a wani ɗaki da ke saman garejin gidansa. Likitan binciken gawa ya ce ya rasu tun ran 5 ga wata, kuma shi ya kashe kansa. Yana da shekara 27. Ya bar wasiƙa, ya daɗe yana fama da ciwon damuwa, kuma a dangin mahaifinsa an taɓa samun waɗanda suka yi irin wannan mutuwar. Zancen cewa kashe shi aka yi ya fi yaɗuwa ne ta bakin wani mai bincike mai zaman kansa da matar ta ɗauka ya nemo shi a kwanakin da ya ɓace, aka yi ta fina-finai a kai. A 2014 'yan sandan Seattle suka sake buɗe takardun, suka wanke hotunan wurin da ba a taɓa wankewa ba, suka ce ba abin da ya sauya hukuncin farko. A shekarar ce aka shigar da Nirvana zauren karramawa na Rock and Roll Hall of Fame. Grohl kuwa tuni ya ajiye sandunan ganga ya ɗauki jita ya kafa Foo Fighters.

Tunda koyo kake, bayan Teen Spirit ka koma About a Girl. Baitinta kamu biyu ne, E minor da G, za ta koya maka riƙe bugu da hannun da ke karta ba tare da ka ɓuya a bayan feda ba. Ka naɗi kanka a waya kana bugawa kana rerawa tare, ka saurara, nan za ka ga inda aikin yake. In ka bi faifai ka ji jitarka ba ta haɗuwa da tasu, ba kunnenka ba ne. A Unplugged da yawancin In Utero sun sassauta kowace tsirkiya da gaɓa ɗaya, a Come as You Are ta cikin Nevermind kuma da gaɓa biyu, sannan wannan sautin mai kama da na cikin ruwa daga wata feda ce mai suna Small Clone. In ba ka da ita, kowace feda ko manhajar waya mai korus (chorus, sunan irin wannan sauti) za ta kai ka kusa.